Wa Zai Biya Allurar da Ke Riƙe Ciki? Sharhi Kan Dashen Ƙwai a Ontariyo

Tun a watan Disamba na 2015 lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ya fara biya wa mazaunansa kuɗin dashen ƙwai, aikin da likitoci ke kira IVF. Duk macen da ba ta cika shekara 43 ba, kuma tana riƙe da katin lafiya na lardin, tana da damar a yi mata zagaye ɗaya a tsawon rayuwarta ba tare da ta biya kuɗin aikin ba: a bibiyi girman ƙwayayenta, a ciro su, a haɗa su da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, musamman idan aka tuna cewa daga 1994 lardin ya janye hannunsa daga biyan wannan aiki, in ban da matan da bututun mahaifarsu biyu suka toshe. Sai dai a ranar da aka kira mace daga jerin masu jira, akan miƙa mata takardar magani, kuma abin da ke rubuce a wannan takarda daga aljihunta zai fito. Gwamnatin lardin da kanta ta ƙiyasta cewa maganin zagaye ɗaya yakan kai kimanin dalar Kanada 5,000, ta kuma faɗa a fili cewa ba ya cikin abin da ta ɗauki nauyi.

Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi yana tafiya ne wajen alluran da ke sa ƙwayaye da yawa su nuna a lokaci guda, kuma su ne aka fi yin magana a kansu. Na zaɓi in tsaya a kan furojestaron ne, wato maganin da ke riƙe ciki a makonnin farko, saboda shi ne magani na ƙarshe a jerin, shi ne wanda aka fi daɗewa ana amfani da shi, kuma yana zuwa ne a lokacin da ma'aurata suka riga suka kashe abin da suka tara. A ganina, tsarin da ya biya kuɗin dasa ɗan tayi ya bar kuɗin abin da zai riƙe shi bai kammala aikin da ya fara ba.

Furojestaron sinadari ne da jikin mace ke samarwa da kansa. Bayan ƙwai ya fita a tsakiyar wata, gurbin da ya bari yakan rikiɗe ya zama wani ɗan ƙullutu mai launin rawaya, kuma wannan ƙullutun ne ke tsatso furojestaron cikin jini. Sinadarin yana gyara shimfiɗar cikin mahaifa har ta yi laushin da ɗan tayi zai iya maƙalewa, yana kuma kwantar da mahaifar don kada ta riƙa matsewa. Idan ba a samu ciki ba, ƙullutun yakan mutu bayan kamar mako biyu, sinadarin ya ja baya, jinin al'ada ya zo. Idan an samu, ƙullutun yakan ci gaba da aiki har mabiyiya ta yi ƙarfin da za ta karɓi ragamar, abin da ke faruwa tsakanin mako na bakwai da na goma. A farkon shekarun 1970 wani likita mai bincike a Amurka, Arpad Csapo, ya nuna cewa cire wannan ƙullutu kafin mako na bakwai yana jawo ɓari, kuma ba wa mace furojestaron daga waje yana hana hakan. Tun daga lokacin aka san cewa a waɗannan makonni na farko, rayuwar ciki ta rataya ne a wuyan wannan sinadari.

Dashen ƙwai yana dagula wannan tsari ta hanyoyi biyu. A zagayen da ake mayar da ɗan tayi kwana uku ko biyar bayan ciro ƙwai, magungunan da aka yi amfani da su don hana ƙwayayen fita kafin lokaci, tare da yawan sinadaran da ƙwayaye masu yawa suka zuba cikin jini, suna sa ƙwaƙwalwa ta rage saƙon da take aika wa ƙullutun, sai ya gaji da wuri. A nan furojestaron na waje tallafi ne ga wanda jiki ke yi. Hanya ta biyu ta fi tsanani. Idan an daskarar da ɗan tayi za a mayar da shi daga baya, asibitoci da yawa sukan shirya mahaifar da magani zalla, su ba da sinadarin istirojin sannan su bi shi da furojestaron, ba tare da macen ta saki ƙwai a wannan wata ba. Tunda ba a saki ƙwai ba, babu ƙullutu, kuma tunda babu ƙullutu, duk furojestaron da ke jikinta wanda ta saya ne a kantin magani. Idan ya yanke kwana biyu ko uku kafin mabiyiya ta kama aiki, cikin na iya zubewa ko da ɗan tayin lafiyarsa ƙalau.

Ana ba da maganin ta hanyoyi da dama. Akwai na cusawa ta gaba, irin su Endometrin da Prometrium da Crinone, waɗanda aka fi sani a Kanada, da Cyclogest da ake yawan rubutawa a Ingila. Akwai allurar ƙarƙashin fata mai miligiram 25, wadda ake sayarwa a Ingila da sunan Lubion. Akwai ƙwayar sha ta didirojestaron. Sannan akwai tsohuwar hanya, wato furojestaron da aka narkar cikin mai, yawanci man riɗi, wanda ake yi a tsoka miligiram 50 kowace rana. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, a jagoran da ta fitar a 2019, ta amince da kowace daga cikin waɗannan hanyoyi bayan ciro ƙwai, domin bincike bai nuna wata ta fi wata a irin wannan zagaye ba. Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya ɗauki mai araha.

Amma da sauran rina a kaba. A 2021 likita Kate Devine da abokan aikinta a Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a kan matan da aka shirya mahaifarsu da magani zalla don karɓar daskararren ɗan tayi. An raba su gida uku. Cikin waɗanda suka yi amfani da na cusawa kaɗai, kashi 27 cikin ɗari ne suka haihu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar tsoka kullum, kashi 44. Cikin waɗanda suka haɗa na cusawa da allura sau ɗaya duk kwana uku, kashi 46. Bambancin ya fito fili tun gwajin bai ƙare ba, har aka daina sa mata a rukunin na cusawa kaɗai. Gwaji ɗaya ba ya rufe muhawara, kuma asibitoci da yawa a Turai suna ci gaba da samun sakamako mai kyau da na cusawa, musamman idan suna auna sinadarin a jini su ƙara allura ga wadda nata ya yi ƙasa. Duk da haka, likitan da ya rubuta allura a irin wannan zagaye yana da hujjarsa, kuma matar da ta ji waɗannan alƙaluma ba za ta iya ɗaukar allurar a matsayin ƙari da za a iya tsallakewa ba.

Lissafin kwanakin ma abin dubawa ne. Akan fara furojestaron kimanin kwana biyar kafin a mayar da ɗan tayi mai kwana biyar, kuma a ƙirgen likitoci ranar farawar tana daidai da cikar mako biyu na ciki. Idan an dace, akan ci gaba har mako na goma, wasu asibitoci har na goma sha biyu. Ke nan mako takwas zuwa goma na allura kullum, wato allura 56 zuwa 70. Kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da allura goma idan ba a yi ɓarna ba, don haka ana bukatar kwalba shida ko bakwai, ban da sirinji, da allurar zuƙo magani, da ta yi wa jiki, da audugar gogewa, da istirojin da ake sha tare, da na cusawa ga wadda aka haɗa mata biyun. Ranar da gwajin jini ya nuna an samu ciki, a ranar ne kuɗin maganin yake ninkuwa, domin wadda ba ta dace ba takan tsaya bayan kamar mako biyu, wadda ta dace kuwa tana da sauran mako shida ko takwas a gabanta.

Na ga yadda wannan yake a gidan wata ƙanwata da ke zaune a bayan birnin Toronto. Bayan sallar isha'i takan ɗauko sirinjin da ta riga ta zuƙi maganin, ta riƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci don man ya ɗumama, saboda idan ya yi sanyi yakan yi kauri ya ƙi shiga. Nas ta zana mata da'ira biyu da alƙalami a saman ɗuwawu ta gefen waje, dama da hagu, kuma kullum mijinta yakan sake bin zanen kada ya goge. Allurar tsawonta inci ɗaya da rabi ne. Takan kwanta rub-da-ciki ta ce, "Maigida, yau ɓangaren hagu ne, na dama bai saki ba," shi kuma ya yi bismilla ya soka, ya tura man a hankali, sannan ya ɗora mata tsumma mai ɗumi ya murza wurin don kada ya yi ƙullutu. Zuwa mako na biyar duk ɓangarorin biyu sun yi tauri, zama a mota ya zama wahala. Ba ta taɓa yi mini ƙorafin zafin ba. Abin da na ji tana maimaitawa shi ne lissafin kwalaben da suka rage a kan teburi da ranar da albashin mijinta zai shigo, domin aikinsa na kwantiragi ne, babu inshorar magani a ciki.

Akwai wani ɓangare na tsarin Ontariyo da ke ƙara wa wannan magana nauyi. Zagayen da gwamnati ke biya ya ƙunshi ciro ƙwai sau ɗaya, da mayar da duk 'ya'yan tayin da suka yi kyau, amma ɗaya bayan ɗaya. An sa wannan sharaɗi ne don rage cikin tagwaye da 'yan uku, wanda ke jawo haihuwar bakwaini da doguwar jinya a sashen jarirai, kuma sharaɗi ne mai kyau da na yarda da shi. Lardin Kebek ya ga yadda yawan tagwaye daga dashen ƙwai ya faɗi ƙasa sosai bayan ya ɗauki irin wannan mataki a 2010. Sai dai ma'anarsa ga mace mai 'ya'yan tayi huɗu ita ce za ta iya komawa sau huɗu, kuma kowace komawa tana bukatar sabon istirojin da sabon furojestaron, ga kuɗin ajiyar daskararrun 'ya'yan tayin wanda shi ma ba ya cikin shirin. Ribar mayar da ɗaya-ɗaya tana komawa baitulmalin lardi ta hanyar raguwar kuɗin jinyar jarirai, ƙarin kuɗin maganin da wannan tsari ya haifar kuwa yana kan ma'auratan. Wanda ya kafa sharaɗin kuma yake cin moriyarsa, shi ya fi dacewa ya ɗauki abin da sharaɗin ya jawo.

Ba mugunta ce ta kawo wannan giɓi ba, gadonsa aka yi daga yadda aka gina kiwon lafiya a ƙasar. Dokar lafiya ta Kanada ta 1984 ta wajabta wa larduna biyan aikin likita da na asibiti, har da maganin da aka ba majinyaci yana kwance, amma ba ta haɗa da maganin da mutum zai saya ya kai gida ba. Wannan an bar shi ga inshorar wurin aiki da shirye-shiryen larduna, waɗanda a Ontariyo suka fi karkata ga masu shekara 65 zuwa sama, da 'yan ƙasa da 25 marasa inshora, da masu karɓar tallafin gwamnati. Mai neman haihuwa yawanci tana tsakanin shekara talatin da arba'in, wato a tsakiyar inda rigar ba ta rufe ba. Ko dokar inshorar magani ta tarayya da aka zartar a watan Oktoba na 2024 ta fara ne da magungunan hana ɗaukar ciki da na ciwon sukari. Saboda haka allurar da nas za ta yi a asibiti ana ganinta a matsayin jinya, ita wannan allurar idan miji ne zai yi ta a ɗaki sai ta koma sayayya, alhali a jikin mace aikinsu ɗaya ne. Inshorar wurin aiki kuma ba ta da tabbas: wasu tsare-tsaren ba su biyan maganin haihuwa ko kaɗan, wasu suna da iyakar da ba a wucewa a tsawon rayuwa, wadda alluran nunar da ƙwai kan cinye tun kafin a zo kan furojestaron.

Gwamnatin lardin ta ɗan motsa. A watan Oktoba na 2024 ta sanar da ƙarin dala miliyan 150 cikin shekara biyu don faɗaɗa shirin, tare da rangwamen haraji da ya fara aiki daga Janairun 2025, wanda ke mayar wa mutum kashi 25 cikin ɗari na abin da ya kashe, har zuwa dala 5,000 a shekara, kuma magani yana cikin abin da ake lissafawa. Wannan ci gaba ne, ba zan rage masa daraja ba. Amma kuɗin haraji yana dawowa ne bayan an cike takardu a shekara mai zuwa, mai kantin magani kuwa a ranar yake karɓar nasa. Iyalin da ke da ajiya ko katin bashi mai faɗi za su biya su jira. Iyalin da ke hannu baka hannu ƙwarya, waɗanda dominsu aka kafa shirin tun farko, su ne za su tsaya a gaban kanta suna tambaya ko za a iya ba su kwalba biyu yanzu, saura sai ƙarshen wata. Ko bayan rangwamen ma, kashi uku cikin huɗu na kuɗin yana nan a kansu.

Wasu wurare sun bi wata hanya. A Faransa inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan dashen ƙwai har sau huɗu, ɗari bisa ɗari, da magani a ciki. Lardin Biritish Kolombiya, da ya fara nasa shirin a 2025, yana ba da tallafi har dala 19,000 gwargwadon samun iyali, kuma ya sa magani cikin lissafi. A Ingila, inda yawan zagayen da ake biya ya danganta da yankin da mutum yake zaune, maganin da aka rubuta a takardar hukumar lafiya ta ƙasa ana biyan fam 9.90 ne kan kowane nau'i, kuma mai ciki tana samun takardar yafewa har wata goma sha biyu bayan haihuwa.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu ita. Kasafin shirin yana da iyaka, jerin masu jira a wasu asibitocin Ontariyo yakan kai shekaru, kuma ga mace mai shekara 40 kowane wata na jira yana rage mata dama. Duk dalar da aka karkatar zuwa magani dala ce da ba ta buɗe wa wata ƙofa ba. Kebek, wanda ya fara da biyan zagaye uku, ya rufe shirinsa a watan Nuwamba na 2015 saboda tsada, bai sake buɗewa ba sai a 2021 da zagaye ɗaya. Wannan gargaɗi ne na gaskiya ga mai son a biya komai a lokaci guda. Haka kuma ba kowace mace ce ke bukatar allura 70 ba: wadda al'adarta ke zuwa daidai ana iya mayar mata da daskararren ɗan tayi a zagayen jikinta, inda ƙullutunta yake aiki, kuma a zagayen da aka ciro ƙwai akwai binciken da ya nuna tsayawa da wuri bayan an tabbatar da ciki ba ya ƙara ɓari. Shirin gwamnati yana da ikon ya ce zai biya hanya mafi araha da hujja ta goyi baya, ya nemi likita ya rubuta dalili idan ya zaɓi mai tsada.

Amma wannan hujja ta fi ƙarfi a kan alluran nunar da ƙwai, masu cin dubban daloli, fiye da yadda take a kan furojestaron. Tsohon magani ne, an tace shi tun 1934, kuma farashinsa ya karye tun shekarun 1940 lokacin da masanin sinadarai Russell Marker ya gano yadda ake samar da shi daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko. Idan aka kwatanta da abin da lardi ya riga ya kashe wajen ciro ƙwai, da aikin ɗakin gwaji, da mayar da ɗan tayi, kuɗinsa kaɗan ne, kuma mai saye da yawa kamar gwamnati zai same shi ƙasa da farashin da mace ɗaya ke biya a kantin magani. Abin da ke ƙanƙani ga baitulmali shi ne babba ga gidan da ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. A irin wannan hali ne ake samun wadda ke rage yawan abin da take zuƙa don kwalba ta ƙara kwana, ko wadda ke karɓar ragowar kwalbar da wata ta buɗe tun watanni, ko wadda ta tsaya a mako na bakwai ba tare da ta faɗa wa likita ba saboda kunyar a san ba ta da shi. A zagayen da babu ƙullutu, kowanne daga cikin waɗannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, kuma asarar ba ta ma'auratan kaɗai ba ce, har da zagayen da jama'a suka biya da harajinsu, wanda ba za a sake ba wa wannan mata ba.

Kafin tsarin ya sauya, akwai abin da asibitoci za su iya yi ba tare da jiran doka ba. Su ba mace lissafin magani a rubuce tun ranar farko, wanda ya kai har mako na goma ko sha biyu, ya kuma nuna kuɗin kowace komawa, maimakon lissafin da ya tsaya a ranar gwajin ciki. Likita ya tambaye ta kai tsaye ko za ta iya saye, domin da yawa ba za su fara faɗa ba. Inda ya dace a jikinta, a gaya mata cewa haɗa na cusawa da allura duk kwana uku yana rage yawan alluran zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko da yake na cusawar ma da nasa kuɗin. Ita kuma ta sa mai kantin magani ya gwada lambar furojestaron a inshorarta daban, saboda wasu kamfanonin ba sa lissafa shi cikin magungunan haihuwa da suka ware.

Gyaran da nake ganin ya fi sauƙi shi ne lardi ya ɗauki furojestaron a matsayin kayan aikin mayar da ɗan tayi, kamar yadda ya ɗauki siririn bututun da ake shigar da shi da ruwan da ake renonsa a ɗakin gwaji, waɗanda ba wanda ya taɓa tura majinyaciya ta sayo. Asibiti ya miƙa mata kwalaben da sirinjin a ranar da aka tsayar da lokacin dashe, ya ƙara mata na sauran makonnin a ranar da gwajin jini ya tabbatar da ciki, sannan ya aika wa shirin da takardar kuɗin tare da ta sauran aikin.